Asirin Mutum Ɗaya a Cikin Jadawalin Jama'a: Yadda Hukumar Ƙidaya ta Amurka ta Sake Ƙa'idojinta



Duk wanda ya taɓa aiki a ofishin gwamnati ya san jadawali, watau takardar nan mai layuka a tsaye da layuka a kwance, wadda kowane gurbi nata yake ɗauke da adadi guda: maza kaza, mata kaza, masu aure kaza, yaran da suka isa shiga makaranta kaza. Ba suna a ciki, ba lambar gida. Saboda haka aka daɗe ana ɗauka cewa da zarar an cire sunaye, an tattara mutane an mai da su alƙaluma, to, asirin kowa ya rufu ke nan. Abin da wannan lacca take so ta nuna shi ne, wannan zato ya daina zama gaskiya; kuma za a nuna hakan ne ta hanyar bin labarin Hukumar Ƙidaya ta Amurka, wadda ta fito fili ta amsa cewa ƙa'idojin da ta yi shekara 30 tana aiki da su sun daina kare kowa, ta sake su kafin ta buga sakamakon ƙidayar 2020.

Kafin a yi nisa, ya kamata a daidaita kalmomi. Sirri abu ne da mutum ya ɓoye don kansa. Amana kuwa abu ne da ya ɗauka da hannunsa ya damƙa wa wani. Amsar da magidanci yake bai wa malamin ƙidaya ta tashi daga sirri ta koma amana, amma fa amana ce ta dole, domin doka ce ta tilasta masa ya amsa. Wanda ya tilasta wa mutum ba da ajiya, nauyin tsare ta ya ninku a kansa. Har ila yau, in Bahaushe ya ce rufin asiri, ba ɓoye labari kaɗai yake nufi ba, har da tsare mutunci. Wannan ma'ana ta biyu kuwa ita ce ta fi kusa da abin da ake magana a kai yau.

A ƙidayar farko ta Amurka, a 1790, babu wani zancen rufin asiri. Doka ma cewa ta yi a manna jerin sunayen magidanta a wurare biyu da jama'a suke taruwa a kowane yanki, don kowa ya duba ya gyara kuskure. Sannu a hankali aka bar wannan al'ada, har a 1910 Shugaba Taft ya yi shelar cewa ba za a yi amfani da amsar kowa wajen ɗora masa haraji, ko ɗaukarsa soja, ko gurfanar da shi gaban shari'a ba. Wanda ya san yadda makiyaya suke kora shanu daji in an ji labarin masu ƙirgen jangali, ba ya bukatar a yi masa bayanin dalilin da ya sa haraji ya fito a cikin wannan alkawari.

To, amma an karya alkawarin. A 1942, bayan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, majalisa ta yi dokar yaƙi da ta ɗage kariyar bayanan ƙidaya, ba a mai da ita ba sai 1947. A wannan tsakani aka kwashe mutane kimanin 120,000 'yan asalin Japan, yawancinsu haifaffun Amurka, aka tsare su a sansanoni. Binciken da Margo Anderson da William Seltzer suka yi ya nuna cewa hukumar ta bai wa soja alƙaluman inda waɗannan mutane suke zaune, unguwa-unguwa, kuma a 2007 suka gano cewa a 1943 ta ba da sunaye da adireshin waɗanda suke zaune a yankin birnin Washington. Abin lura a nan shi ne, mafi yawan ɓarnar ba da sunaye aka yi ta ba, da jadawali aka yi ta. Soja ba ya bukatar suna in an riga an nuna masa layin da zai shiga.

A 1954 aka tattara dokokin ƙidaya a Babi na 13 na kundin dokokin Amurka. Dokar ta hana hukumar buga duk wani abu da za a iya gane bayanin mutum guda ko kamfani guda ta cikinsa. Ma'aikaci yana rantsuwar riƙe sirri har ƙarshen ransa, wanda ya karya kuwa ana iya ɗaure shi shekara 5, ko a ci shi tarar dala 250,000, ko a haɗa masa duka biyun. Takardun ƙidaya masu sunaye ba a buɗe su sai bayan shekara 72, shi ya sa na 1950 ba su fito ba sai a watan Afrilu na 2022. Sauran ƙasashe ma sun bi wannan tafarki: ƙa'ida ta 6 cikin ƙa'idojin ƙididdigar hukuma da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 1994 ta ce bayanin mutum sirri ne, kuma don ƙididdiga kaɗai za a yi amfani da shi. Dokar ƙididdiga ta Nijeriya ta 2007 ma tana da irin wannan tanadi.

Doka dai ta ce kada a tona. Amma ba ta faɗi yadda za a buga jadawali ba tare da an tona ba. Nan ne ƙa'idojin cikin gida suke shigowa, kuma nan ne wahalar take.

Dabara mafi daɗewa ita ce toshe gurbi. In adadin da ke cikin gurbi ya yi ƙanƙanta, alal misali bai kai 3 ba, sai a share shi a sa alama. Amma a ɗauka layi yana da gurbi uku, jimillarsa 100, gurbin farko 60, na biyu 38, na uku an toshe. Ɗan aji uku na firamare zai gaya maka 2 ne. Tilas ke nan a toshe wani gurbin da ba ruwansa, don ya rufa wa na farko asiri. Shi kuma wannan na biyun yana cikin wani layi na tsaye mai tasa jimillar, sai a sake toshe wani. Haka za a yi ta yi har jadawali ya koma kamar zanen da gara ta ci. Ga alƙaluman kamfanoni kuwa akwai wata matsalar daban. In masana'antun jima biyu ne kaɗai a gari, aka buga jimillar cinikinsu, kowane ɗaya zai cire nasa ya san na abokin takararsa. Ko da su goma ne, in ɗaya ya mamaye kusan dukkan cinikin, jimillar tasa ce a fakaice. Don haka ofisoshin ƙididdiga suke da ƙa'idar rinjaye, wadda take toshe gurbi in kamfani ɗaya ko biyu suka ɗauke kaso mai yawa na abin da ke ciki.

Da toshewa Amurka ta yi aiki a ƙidayar 1970 da ta 1980, sai masu amfani da alƙaluma suka yi ta kukan cewa ƙananan garuruwa sun tashi ba su da jadawalin kirki. Daga 1990 sai aka koma ga musaya. Watau a ɗauki gida mai saukin ganewa a wannan unguwa, a nemo wani gida a wata unguwa mai yawan mutane daidai da nasa, a musanya bayanansu kafin a haɗa jadawali. Yawan jama'ar kowace unguwa bai canja ba, amma wanda ya ce ya gane maƙwabcinsa ba zai iya rantsuwa a kai ba. Da wannan aka yi 1990 da 2000 da 2010. Sai dai musaya tana da wani aibi da ba a cika ambata ba: ba ta aiki sai an ɓoye yawan gidajen da aka musanya, da yadda aka zaɓe su. Saboda haka babu wani masani na waje da zai iya auna kuskuren da ta jawo, ko ya tabbatar da kariyar da ta bayar. Sai dai a yarda da hukuma kawai.

Wasu ƙasashe sun bi ta wasu hanyoyin. Kanada tana karkatar da adadi zuwa ninkin 5 ta hanyar ƙuri'a, New Zealand zuwa ninkin 3, Ostireliya kuwa tana ƙara ko rage ɗan kaɗan a kowane gurbi.

Abubuwa biyu ne suka karya wa tsofaffin ƙa'idojin ƙafa. Na farko shi ne yawaitar bayanan da ke hannun mutanen waje. A 1997 Latanya Sweeney, tana ɗaliba a lokacin, ta sayi rijistar masu zaɓe ta garin Cambridge a jihar Massachusetts a kan dala 20, ta haɗa ta da bayanan asibiti da aka cire wa sunaye, ta fito da takardar jinyar gwamnan jihar, William Weld. Daga baya ta ƙiyasta cewa kashi 87 cikin 100 na Amurkawa ana iya ware kowannensu da abu uku kacal: ranar haihuwa, jinsi, da lambar gidan waya ta unguwarsu.

Na biyu, wanda ya fi shafar jadawali kai tsaye, lissafi ne. A 2003 Irit Dinur da Kobbi Nissim suka tabbatar da hujjar lissafi cewa in aka buga amsoshi masu yawa, kuma masu daidaito sosai, daga rumbun bayani guda, to, ana iya sake gina rumbun daga amsoshin. Ga misali na ƙirƙira don a gane yadda abin yake. A ce wani gungun gidaje yana da mata 3. Jadawali na farko ya ce ta tsakiya a shekaru tana da 28, kuma matsakaicin shekarunsu in an raba daidai 36 ne. Jimillar shekarunsu 108 ke nan, in an cire 28 saura 80 tsakanin ƙarama da babba. Har yanzu da sauran duhu, domin akwai hanyoyi 29 da za a iya raba 80 ɗin nan. Jadawali na biyu ya ce akwai yarinya ɗaya da ba ta kai shekara 5 ba. Hanyoyi sun ragu zuwa 5. Jadawali na uku ya ce akwai mace ɗaya mai shekara 80 ko fiye. Shi ke nan, magana ta ƙare: jaririya da ba ta cika shekara ba, mace mai 28, da tsohuwa mai 80. Babu jadawali ɗaya cikin ukun da ya karya ƙa'ida, amma su uku a haɗe sun tona gidan. Dā can irin wannan aiki ga ƙasa guda sai ya ci rayuwar akawu dubu. Yanzu kwamfuta tana yin sa cikin ɗan lokaci.

A nan Hukumar Ƙidaya ta yi abin da ba kasafai ofishin gwamnati yake yi ba: ta sa ma'aikatanta su kai wa aikinta hari. A ƙarƙashin babban masanin kimiyyarta na lokacin, John Abowd, suka ɗauki wani ɓangare kaɗan na jadawalan 2010 da kowa yake iya samu, suka sake gina layin bayani na kowane mutum cikin mutane 308,745,538 da aka ƙirga. Da suka gwada da ainihin abin da ke cikin ma'ajiyarsu, sai suka ga kashi 46 cikin 100 sun dace daidai a gungun gidaje, da jinsi, da shekaru, da launin fata, da asali. In kuma an yafe kuskuren shekara ɗaya, kashi 71. Sannan suka haɗa wannan da jerin sunaye irin wanda 'yan kasuwa suke sayarwa, suka tabbatar da sunayen mutane miliyan 52, watau kashi 17 cikin 100 na jama'ar ƙasar. An bayyana wannan sakamako a watan Fabrairu na 2019.

Ba kowa ne ya gamsu ba. Steven Ruggles na Jami'ar Minnesota ya yi jayayyar cewa da yawa daga cikin dacewar nan ko da canki-canki ma za a samu, domin a unguwar da kusan kowa farar fata ne, cewa wane farar fata ne ba gano asiri ba ne. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Amma ba ta amsa tambayar mutumin da ba ya kama da maƙwabtansa ba, alhali kuwa shi ne wanda ake tsoron a gane, shi ne kuma wanda ya fi cutuwa in an gane shi.

Sabuwar ƙa'idar da hukumar ta ɗauka ta samo asali ne daga aikin Cynthia Dwork da Frank McSherry da Kobbi Nissim da Adam Smith na 2006. A Hausa ana iya kiranta surki mai awo. Mai sayar da nono in ta surka ruwa a ɓoye ha'inci ta yi. Amma in an yi shela a kasuwa cewa kowace ƙwarya akwai ludayi kaza na ruwa a ciki, mai saye ya san abin da ya saya. Haka tsarin yake: kowane adadi ana ƙara masa ko a rage masa wani abu da kwamfuta ta zaɓa ta hanyar ƙuri'a, ta yadda jadawalin da zai fito kusan ɗaya ne, ko amsar wane tana ciki ko ba ta ciki. Ainihin abin da aka ƙara wa kowane gurbi a ɓoye yake, amma ma'aunin surkin, da tsarin kwamfutar da ya yi aikin, duka a fili suke. Wannan shi ne babban bambancinsa da musaya, kuma shi ne ribar da ta fi kowace tabbata a cikin sauyin.

Ma'aunin nan ana kiransa da harafin Girkanci efsilon, kuma yana aiki kamar kasafin kuɗi. Kowane jadawali da aka buga yana cin wani abu daga kasafin. In efsilon ƙarami ne, surki ya yi yawa, asiri ya rufu, alƙaluma sun gurɓace. In babba ne, alƙaluma sun yi kyau, mayafi ya yi shara-shara. Lissafi yana iya faɗin abin da za a samu da abin da za a rasa a kowane mataki, amma ba ya iya faɗin matakin da ya dace. Wannan hukunci ne na shugabanci, kuma tarihin adadin da kansa ya nuna haka. A jadawalan gwaji na Oktoban 2019 efsilon 6 ne. Da kuka ya yi yawa aka ɗaga shi zuwa 12.2 a Afrilun 2021, sannan a watan Yuni na 2021 aka tsai da 19.61 ga alƙaluman shata mazaɓu. A rubuce-rubucen farko na masana fannin, adadin da bai wuce 1 ba ake ɗauka a matsayin kariya mai ƙarfi. Ke nan hukumar ta karɓi sabon ma'auni, amma ta saki igiyarsa ƙwarai don ta zauna lafiya da masu amfani da alƙaluma.

Wasu adadi kuwa an keɓe su, ba a taɓa su ba ko kaɗan: jimillar jama'ar kowace jiha, da yawan gidajen kowane gungu, da yawan wuraren zaman taro irin su kurkuku da ɗakunan kwanan ɗalibai. Dalilin na farkon a bayyane yake, domin da shi ake raba kujeru 435 na majalisar wakilai, kuma a rabon 2020 da jihar New York ta samu ƙarin mutum 89 kacal da ba ta rasa kujera ba.

Su wa suka biya kuɗin wannan sauyi? Surkin mutum 5 a birni mai mutum miliyan ɗaya ba wanda zai ji shi. Surkin mutum 5 a ƙauye mai mutum 40 kuwa ya sake wa ƙauyen kama. Shi ya sa ƙungiyoyin 'yan asalin ƙasar, watau Indiyawan Amurka, masu ƙananan yankuna, suna cikin waɗanda suka fara ɗaga murya, tare da masu tsara makarantu da masu lissafin yawan mace-mace a ƙananan hukumomi. Ba kuma ƙaramin abu ake jayayya a kai ba, tun da hukumar da kanta ta ƙiyasta cewa fiye da dala tiriliyan 2.8 na kuɗin tarayya aka raba bisa alƙalumanta a shekarar kuɗi ta 2021. Jihar Alabama ta kai ƙara a watan Maris na 2021, tana cewa doka ƙirge ta nema ba ƙiyasi ba, amma alƙalai uku da suka saurari ƙarar suka ƙi dakatar da hukumar a watan Yuni. Da alƙaluman suka fito ranar 12 ga Agusta, sai ga gungun da yara ne kaɗai a ciki ba babba ko ɗaya, ga gidajen da aka ce akwai mazauna amma yawan mutanen sifili. A 2022 jaridar New York Times ta ba da labarin wani gungu a tsakiyar Chicago da aka rubuta wa mutum 14, alhali wurin kogi ne. Amsar hukumar ita ce ba a yi alƙaluman gungu don a karanta su ɗai-ɗai ba, sai don a tara su, kuma in an tara da yawa ƙari da ragi suna cinye juna. Gaskiya ne. Amma magatakardan ƙaramin gari wanda duk garinsa gungu goma ne, ba shi da abin da zai tara.

Akwai kuma iyakar da bai kamata a manta da ita ba. Surki mai awo yana kare mutum guda, ba ya kare al'umma. A 2004 aka gano cewa hukumar ta haɗa wa ma'aikatar tsaron cikin gida jadawalan yawan Amurkawa 'yan asalin ƙasashen Larabawa bisa lambar gidan waya, a 2003. Ba a karya doka ba, domin alƙaluman na kowa ne, kuma ba sunan kowa a ciki. Da sabon tsarin ma da irin wannan jadawali zai fito, kusan yadda yake, domin nuna inda jama'a suka taru shi ne ainihin aikin ƙidaya. Abin da ya faru a 1942 ba efsilon ne zai hana shi ba. Bayan abin da ya fito a 2004 ma, gyaran da hukumar ta yi na ofis ne, watau ta ce irin wannan buƙata daga hukumomin tsaro sai wani babban jami'i ya duba ya amince.

Ita kanta hukumar ba ta shimfiɗa sabuwar ƙa'idar a kan dukkan ayyukanta ba. A watan Disamba na 2022 ta sanar cewa ba za ta yi amfani da ita nan kusa ba a babban bincikenta na shekara-shekara kan rayuwar al'umma, wanda yake tambayar kuɗin shiga da ilmi da sana'a, domin ilmin yin hakan ga binciken samfuri mai tambayoyi da yawa bai nuna ba tukuna. Manyan jadawalan shekaru da jinsi da gidaje na ƙidayar 2020 kuwa ba su fito ba sai a watan Mayu na 2023, shekara uku bayan ƙirge. A watan Yuni na wannan shekara aka saki ɗanyun alƙaluman da aka surka, kafin a daidaita su a cire adadin da ya faɗi ƙasa da sifili, don masana na waje su auna kuskuren da kansu.